Shin satar kiɗa ce ta kawo Paul McCartney Legas a 1973?

Ɗan'auta: Assalamu alaikum. Jiya na kwana ina jin faifan Band on the Run na Wings, ƙungiyar Paul McCartney, wanda aka ɗauki yawancinsa a Legas a 1973. Ni dai bayan mawaƙi Fela Kuti nake, wanda ya zargi Paul da zuwa satar kiɗan Afirka. Mutumin da ya fito daga Beatles, duk situdiyon Landan a buɗe suke gare shi, ba zai kwaso iyalinsa ya zo Apapa cikin damina haka kawai ba. Kiɗanmu ya zo kwasa. Mai ja ya fito.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ina da ja, ɗana. Kafin ka ce an yi sata, sai ka nuna kayan a hannun ɓarawo. A wace waƙa ka ji kiɗan Fela?

Ɗan'auta: Kawu, Mamunia fa? Ko sunan ma ai na Afirka ne.

Kawu: Sunan wani otal ne a Marrakesh ta ƙasar Maroko, ba ruwansa da Legas. Bari in ba ka yadda aka yi. Paul ya nemi kamfanin EMI ya ba shi jerin situdiyonsa na ƙasashen waje, ya ga Legas, ya zaci rana da bakin teku zai tarar. Ana gab da tafiya mutum biyu suka ajiye aiki, Henry McCullough mai jita da Denny Seiwell mai ganga. Suka rage su uku: shi, da matarsa Linda, da Denny Laine, sai injiniyansu Geoff Emerick. Abin da suka tarar a Apapa situdiyo ne da bai kammalu ba, da injin ɗaukar sauti guda mai layi takwas. Paul da kansa ya zauna kan ganga. Wanda ya zo kwasar kiɗa ai makaɗan gari zai tara, ba zai tsaya yana buga gangarsa da hannunsa ba.

Yaya Babba: Kawu, a gafarce ni, amma nan ne nake ganin an tsallake wani abu. Me ya hana shi tara makaɗan? Fela ne. Ya fito fili ya ce Turawan nan sun zo su ci da gumin kiɗan baƙar fata. Sai da Paul ya gayyace shi ya kunna masa abin da suka ɗauka, don ya ji da kunnensa babu kiɗan gida a ciki. To idan mai gona ya yi ihu tun ɓarawo yana bakin shinge, don ba a sami dawa a aljihunsa ba sai a ce bai yi niyya ba?

Kawu: Niyya kuma Allah ne masaninta, 'yata. Ni abin da ke kan faifai nake magana.

Mai Jita: Ku ba ni dama, don akwai shaidar da ba a da ita a da. A Fabrairun 2024, da faifan ya cika shekara 50, an fitar da abin da suka kira Underdubbed Mixes. Ɗanyen haɗi ne da Emerick ya yi ranar 14 ga Oktoba 1973 a situdiyon AIR na Landan, kafin Tony Visconti ya ɗora kayan goge da na busa. Wato an cire kwalliya, an bar ƙashin aikin. Na saurare shi da abin kunne, waƙa bayan waƙa, musamman gangar nake bi. Salon Tony Allen, mai gangar Fela, kowa ya san shi: hannu da ƙafa kowanne da zancensa, suna saƙa da juna. Gangar Paul kuwa miƙaƙƙiya ce, ɗaya biyu uku huɗu, irin ta mawaƙin da yake riƙe wa muryarsa lokaci. Da ya ɗauki wani abu daga Shrine, gidan rawar Fela, ya ɓoye a ƙarƙashin goge, a wannan haɗin ne asiri zai tonu. Ban ji ba. Kuma Jet, wadda ta fi kowacce ƙarfi a faifan, gaba ɗayanta a Landan aka ɗauke ta.

Ɗan'auta: Amma ya je Shrine ɗin ai.

Mai Jita: Ya je, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa kiɗan ya sa shi hawaye. Jin daɗin abu daban, ɗaukarsa daban.

Kawu: Kuma in ana zancen sata, ɗana, shi aka yi wa. Wata rana da dare suna tafiya a ƙafa shi da Linda, 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset ɗin gwaji da rubutun waƙoƙin. Daga ƙwaƙwalwarsa ya sake haɗo su. Bayan nan ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya sarƙe, Linda ta ɗauka ciwon zuciya ne, ashe yawan taba ne ya taɓa masa ƙirji. Abin da Legas ta ba faifan nan ke nan a ganina: matsi. Mutum uku, babu mai taimako, dole kowa ya fito da abin da ke cikinsa.

Yaya Babba: Na yarda babu kiɗan Fela a ciki, Mai Jita ya gamsar da ni. Abin da ke ci mini rai daban ne. Makonni suka yi a garin da yake tafasa da kiɗa, shekara uku da gama yaƙin basasa, amma ɗan Najeriya guda da aka ji hannunsa a faifan shi ne Remi Kabaka a waƙar Bluebird, shi ma a Landan aka ɗauka. Ko ranar da suka je situdiyon ARC a Ikeja don Picasso's Last Words, wa ya kaɗa gwangwanin tsakuwa? Ginger Baker, Bature ɗan'uwansu mai wurin. Faifan ya fito, ya hau saman jeri a Amurka da Ingila, Emerick ya karɓi lambar yabo ta Grammy. Sunan Legas ya zagaya duniya a matsayin garin da aka yi wa Paul fashi.

Ɗan'auta: Yaya, to ai maganata ke nan.

Yaya Babba: A'a ƙanena, kai sata ka ce. Ni cewa nake an zo gidanmu an ci abinci da ƙofa a rufe.

Kawu: To wa ya rufe ƙofar? Da ya ɗauki makaɗan, a ce ya kwashe. Bai ɗauka ba, a ce ya raina. Tsoron Fela yana da tushe, ban musa ba, don an daɗe ana cin gumin mawaƙan baƙar fata. Amma gargaɗin nasa ne ya hana wani mai ganga na Legas shiga faifan da miliyoyi suka saya.

Yaya Babba: Da sharaɗin wa zai shiga, Kawu? A biya shi kuɗin yini ya tafi, ko a rubuta sunansa a cikin masu waƙa? Fela ya san wanne aka saba yi.

Mai Jita: Ɗan'auta, ka nemi ɗanyen haɗin nan ka ji Mrs. Vandebilt, ita ce ta fi kusa da abin da kake zargi. In ka ji hannun Legas a gangar, ka turo mana daidai minti da daƙiƙa, mu saurara tare bayan Isha'i.