Shingen ƙarfe a kan kantar famasi ko a bar ta a buɗe? Ina neman shawara

Maman Ilham, Jos:
Assalamu alaikum jama'a. Na kama hayar shago a Bauchi Road, zan buɗe famasi bayan sallah in sha Allah. Kafinta na jirana, ni kuma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Maigidana ya dage sai an sa ƙarfe daga kanta har sama, a bar 'yar taga ta miƙa kuɗi, saboda yaran da ke yawon neman tramol da dare. Inda na yi aiki a da haka aka yi, kuma na ga illarsa. Mace za ta zo da ciwon sanyi, maza uku na tsaye a bayanta, dole sai ta ɗaga murya kafin in ji ta. Sai ta ce a ba ta panadol, ta juya. Waɗanda suka san harkar, me kuka gani?

Alhaji Sani, Gangare:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka. Ni mai saye ne, duk wata sai na je karɓar maganin hawan jini. Kunnena ya yi nauyi, in aka yi mini bayani ta bayan gilashi rabi nake ji, sai na koma gida jikata ta karanta mini kwalin. Ki sa benci mai majingina daga ciki, kin san sanyin Jos da hunturu. Matakalar ƙofa kuma kada ta yi tsayi, gwiwoyinmu sun gaji.

Hauwa, Kubwa, Abuja:
'Yar'uwa, kafin kafinta ya buga ƙusa ko ɗaya, ki je ofishin PCN na jiha, wato hukumar da ke kula da harkar famasi a Najeriya, ki karɓi sharuɗɗansu, don sai sun zo sun duba wurin kafin su yi masa rajista, har tazarar da ke tsakaninki da famasin da ke kusa suna aunawa.

Batun ƙarfe, ki raba abu biyu. Magungunan da doka ta tsaurara a kansu dama a kabad mai makulli ake ajiye su, can ciki inda ido ba ya kai wa. Wannan shi ne tsaronsu, ba wai a kulle shagon gaba ɗaya ba. A namu mun bar kanta a buɗe, muka yanke wani lungu a gefe da katako, kujera biyu da na'urar awon jini. Labule bai isa ba, yana tare ido ne kawai, murya na fita. Kuma kada ki rubuta komai a ƙofar lungun. In kowa na shiga awon jini a nan, wadda ta shiga tambayar tazarar haihuwa ba wanda zai gane abin da ya kai ta.

Ku a Jos kun huta da zafi. Mu nan a watan Maris sai da na'urar sanyaya ɗaki, tunda yawancin kwalaye an rubuta kada a wuce digiri 30. Amma insulin, allurar masu ciwon suga, ko a Jos sai firji, digiri 2 zuwa 8, don haka ki tanadi sola.

Ɗanladi, Farin Gada:
Anti Hauwa, da girmamawa, ke kina tashi da magariba ne? Mu da ke tsaye ƙarfe goma na dare mun san amfanin ƙarfen nan. Maigidan Maman Ilham yana da gaskiyarsa. Sannan masu shago kan manta da mu ma'aikata: a cika gaba da kayan kwalliya, a bar mana bayan kanta da mutum biyu ba sa iya giftawa. Ba kujera, ba wurin sallah, fitila ɗaya. Kwalin amlodipine, maganin hawan jini, mai miligiram 5 da mai 10 kusan kamarsu ɗaya, mutum ya gaji ga duhu, ta nan kuskure ke shigowa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Baba Alhaji, benci ya samu. Ɗanladi, maganarka ta shige ni: zan sa taga mai ƙarfe a bangon waje, bayan isha'i a rufe ƙofa a koma sayarwa ta nan, da rana kuwa kanta a buɗe. Zan kuma ja kantar gaba a samu fili a baya. Hauwa, lungun naku katakon ya kai har silin ne, ko kun bar sama don iska?