Tayar kamfani ɗaya a gaba, ta wani a baya: me kuka gani a motar lantarki?

Mai Leaf: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tayoyin gaba na motata, Nissan Leaf mai lantarki, sun suɗe, na baya kuwa da sauran zanensu sosai. Irin waɗanda motar ta zo da su sun yi wuyar samu, mai sayar da taya ya ce in sa na wani kamfani, tunda girman ɗaya ne. Wanda ya taɓa yin haka da kansa ya faɗa mana abin da ya gani, don Allah.

Direban dogon zango: Wa alaikumus salam, Malam. Ni na yi, har yanzu a haka nake tafiya. Abin da ban taɓa yarda da shi ba shi ne hagu daban, dama daban. Biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya ma haka. Kafin in biya sai da na tsuguna na karanta gefen tayar: girma, lambar nauyin da take ɗauka, da harafin gudu. Batir ya sa motocin nan nauyi, don haka idan taka ta zo da mai alamar XL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, kada ka koma ƙasa da ita. Bambancin da na ji kawai shi ne ƙarar taya ta ɗan ƙaru a cikin mota, don babu ƙugin inji da zai rufe ta.

Uwar 'yan biyu: Ni labarina bai yi daɗi haka ba, kuma shi ya sa na tsaya na rubuta. Tawa da ƙafafun baya take ja. An sa mini sababbi masu riƙe titi sosai a gaba, aka bar tsofaffi na wani kamfani a baya. A busasshen titi ban ji komai ba. Ranar da aka yi ruwa, na shiga shataletale a hankali, ina ɗaga ƙafa daga totur sai na ji bayan motar ya zame gefe, fitilar santsi ta fara ƙyafta ido, motar ta kama birki da kanta ta miƙe. Yara na baya. Har na isa gida hannuna na rawa.

Daga baya na gane dalilin. A motar lantarki, ɗaga ƙafa ma birki ne, saboda injin yana rage gudun ƙafafun da yake juyawa don ya mayar da wuta cikin batir. A tawa wannan birkin duk a baya yake sauka, daidai inda tayoyin suka fi rauni. Kamfanonin taya irin su Michelin ma shawararsu ita ce sababbi su tafi baya, ko da wane ɓangare ne ke jan motar. Gaba idan ya zame kana ji a sitiyari, ka rage gudu. Baya kuwa ba ya sallama.

Mai Leaf: Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Wato ni da tawa ke ja da gaba, sababbin a baya zan sa?

Uwar 'yan biyu: Haka ne, ɗan'uwa, ka mayar da na bayan gaba idan zanensu na da zurfi. In sun kusa milimita 1.6, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda da shi a Turai, canja duka huɗun kawai.

Mai inji biyu: Tawa mai inji gaba da baya ce. Na ji tsoron za ta lalace kamar yadda ake faɗa kan motocin fetur masu ja da ƙafa huɗu, amma a nan babu sandar da ta haɗa gaba da baya, kowane inji da ɓangarensa. Matsalar tana wajen kwamfuta. Taya biyu masu lamba ɗaya daga kamfani daban kan ɗan bambanta a kewaye, ita kuma motar tana ƙirga juyin kowace ƙafa. Farkon sawa na ji tana rage mini ƙarfi a kwana ba dalili. Littafin jagorar motocin lantarki na Tesla ya ce a juya tayoyi kowane kilomita 10,000, ko idan bambancin zane ya kai milimita 1.5, ka ga ko ita ba ta son rata mai yawa.

Direban dogon zango: Na manta batun caji. Tun 2021 takardar da ake liƙa wa taya a Turai tana da maki daga A zuwa E, ɗaya na sauƙin gangarawa, ɗaya na riƙe jiƙaƙƙen titi. Na farkon shi ke ci maka batir, kuma na ga zangona ya ɗan ragu. Amma idan za ka gauraya, Malam, na biyun za ka duba: makin riƙe ruwa na baya kada ya gaza na gaba.