Gonar gado mara takarda: a ina matsala take shigowa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Masu aikin filaye da harkar bashin noma, ku taimaka da abin da kuke gani a aikace. Gonar da kowa ya san mai ita amma babu takarda, me ke hana ta zama jari?

Mai awon ƙasa: Wa'alaikumus salam. Ba kasafai ake musun mai gona ba, a kan iyaka ake faɗa. Iyakar da aka yi da ciyawa tafiya take yi: garma ta ci kunya ɗaya bana, ta ci wata baɗi. In za a auna, a tara duk masu iyaka da gonar, a taka tare, a ɗauki lambar GPS (mai nuna wuri ta tauraron ɗan'adam) a kowace kusurwa, a kafa turken siminti, kowa ya sa hannu a ranar. GPS na waya yakan kauce da kusan mita 5. A babbar gona ba komai ba ne, amma a fadama mai faɗin mita 20 sabuwar rigima ka shuka.

Lauya: Dokoki da yawa sun amince da mallakar gargajiya. A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Abin da ya haura sai da yardar gwamna. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma na ƙauye suna ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro, haya da jingina. Tanzaniya ma tana da dokar filayen ƙauye ta 1999. Abin da ya fi kai mutane kotu jingina ce. An karɓi kuɗi da baki, babu wa'adi, shaidu dattawa ne. Bayan shekara 30 duk sun rasu, 'ya'yan mai riƙe da gona su ce saye ne. A rubuta adadin kuɗi da sharaɗin fansa, a sa matasa cikin shaidu.

Jami'in bashin noma: Malam lauya, takarda kaɗai ba ta buɗe ƙofar banki. Banki tambaya ɗaya yake yi: in bashi ya maƙale, zan iya sayar da gonar? Gonar da magada 15 ke da haƙƙi a cikinta ba ta sayuwa, ko ta mutum ɗaya ce ma wa zai sayi gonar maƙwabcinsa da aka ƙwace? Amfanin tabbacin mallaka a cikin gonar yake bayyana. Takin gargajiya yana aiki damina biyu zuwa uku, don haka mai hayar shekara ɗaya ba zai zuba ba, ya san mai gona zai karɓe ta da zarar ta yi kyau. Mai aro kuwa galibi an hana shi dasa bishiya ko haƙa rijiya, don kada gobe ya ce tasa ce. Hayar shekara 5 a rubuce ta fi sauya amfanin gona.

Malamar gona: Ku yi hattara da sunan da ake rubutawa. In aka yi rajista da sunan babban gida shi kaɗai, an share haƙƙin mata da ƙannensa da makiyayan da ke bin burtali ko kiwo bayan girbi, alhali a da al'ada ta san da su. Ruwanda ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, ana sa sunan miji da mata tare.

Mai awon ƙasa: Hajiya, ko rajistar ma tana tsufa. Mai gona ya rasu, a raba gado, babu wanda ya koma ofis saboda nisa da kuɗin canjin suna. Sai ka tarar da takarda ɗaya da sunan mamaci, a ƙasa kuwa gonaki shida ne, biyu ma an riga an sayar.