Wane suna za mu ba makonnin nan huɗu kafin Kirsimeti?

Malamar Lahadi, Asawase: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da shiri a rediyo ran Asabar da yamma, minti 15 a kan tuba da gyaran zuciya kafin Kirsimeti, kuma takardar da Fada, firist ɗin cocinmu, ya ba ni da Turanci take. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, Adbent. Tsofaffinmu na zango ba su san ta ba. Me zan ce?

Ɗan Aboabo: Jajibirin Kirsimeti mana, Malama.

Baba Katikis: A'a ɗana, jajibiri kwana ɗaya ne, 24 ga Disamba. Wannan Lahadi huɗu ne, ta farko tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da ita shekarar ikilisiya ke kamawa. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta zuwa. Ki ce Lokacin Zuwa.

Malamar Lahadi: Baba, na gwada wa mahaifiyata shi jiya. Ta ce zuwan wa? Kuma ba ta ji tuba a ciki ba.

Ɗan Aboabo: Dakon Almasihu fa?

Malamar Lahadi: Wanda ya ji dako a Kumasi, 'yan dakon kasuwar Kejetiya zai tuna.

Mai Fassara, Tafo: Shekara uku ina roƙon a karɓi Tarya. Idan babban baƙo yana tafe ba a zama a ɗaki a naɗe hannu. A share tsakar gida, a wanke tufa, waɗanda ba sa ga maciji su shirya, sannan a fita bakin hanya. To wannan ai ita ce tuba. Abin da Yahaya Mai Baftisma ya yi ta shela ke nan a jejin Yahudiya, a Matiyu sura 3, inda Matiyu ya ɗauko Ishaya 40:3 a kan gyara wa Ubangiji hanya. Shi ya sa firist ke sa shunayya kamar lokacin azumi kafin Ista. Kuma tarya ta ɗauki zuwan duka biyu, haihuwarsa a Baitalami da dawowarsa a ranar ƙarshe. Zuwa aikin baƙo ne. Tarya ce aikinmu.

Bazazzagi a Suame: Tarba muke cewa. Sannan ku kula, kunnen mai sauraro zai iya kai shi ga tare hanya irin ta 'yan fashi. Ni abin da ya fi damuna, a nan har cikin sujada nake jin Buronya maimakon Kirsimeti. A fara gyara wannan tukuna.

Ɗan Aboabo: Yaya, ita Kirsimetin a Zariya aka haife ta? Aro ce daga Turanci, tamu aro ce daga Asantawa da muke zaune da su. Kakanninmu fataken goro sun zo da Hausar nan tun zamanin kasuwar Salaga. Ba sai an sa mana hannu daga Najeriya ba.

Bazazzagi a Suame: Ban raina ku ba. Amma littattafan da kuke waƙa da su daga can suke zuwa.

Mai Fassara: Tarba ko tarya, duk na yarda. A dai bar mini ma'anar.

Malamar Lahadi: Don Allah 'yan'uwa, gobe da safe zan miƙa takardar, kuma so nake wanda ya yi shekara bai durƙusa gaban Allah ba ya ji an kira shi. Zan buɗe da Lokacin Taryar Almasihu, in ambaci Adbent sau ɗaya saboda masu zuwa coci, sauran in yi ta cewa kwanakin tuba da shiri.

Baba Katikis: Ki yi hakan a rediyo, 'yata. A bagade kuwa ni Adbent zan ci gaba da faɗi sai ranar da Bishop ya ce a canza.

Bazazzagi a Suame: Tarbar dai, da b. Amma zan kama tashar.