Injina ya ƙi tashi ga ɗinkin Sallah jibge a shago

Tela_Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin janareto ku taimaka min. Ina da inji mai igiya irin 2.5 ɗin nan, tun da na sa sola a shago na tura shi lungu kusan wata huɗu ban kunna ba, yanzu aiki ya yi yawa batirin baya kai ni dare, jiya na jawo shi na ja igiya na ja har kafaɗata ta yi tsami ko tari bai yi ba. Akwai mai kusan rabin tanki, wanda na bari ne tun lokacin. Na rufe cok na buɗe, na sa sabon fulogi, shiru. Wani yaro ya duba yace wai kwayil ne ya mutu in kawo kuɗi, ni kuma hankalina bai kwanta ba dan lafiya lau na kashe shi. Kayan mutane ne wlh kuma na yi alkawari.

Abban Khairat:
Wa alaikumus salam. Ka duba baƙin mai tukuna, irin waɗannan in baƙin mai ya yi ƙasa da kansu suke yanke wuta, ko ka ajiye shi a karkace ma yana yi. Daidaita shi a ƙasa ka buɗe murfin, ya kamata man ya zo bakin ramin.

Baba Makaniki:
Malam kar ka sayi kwayil yanzu, ba kasafai yake mutuwa inji na ajiye ba. Ciro fulogin ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin ka sa wani ya ja igiya, amma ka matsa nesa da ramin fulogin kuma kada a ce akwai fetur a zube a wajen. In ka ga tartsatsi shuɗi to kwayil lafiyarsa ƙalau.

Ni dai zargina man nan ne. Fetur in ya daɗe a kafireto mai ƙarfin cikinsa tashi yake ya bar wani danƙo-danƙo, shi ke toshe jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi, ramin kuwa bai kai kan allura ba abu kaɗan ke rufe shi, in ma wajen 'yan bumburutu ka saya to wataƙila har da ruwa a ƙasa. Ga gwaji mai sauƙi, ɗiga fetur sabo kamar rabin ƙaramin cokali a ramin fulogin ka ɗaure ka ja, in ya tashi ya yi ɗan gudu ya mutu to magana ta ƙare, mai ne baya isowa.

Sai ka rufe famfon mai, ka kwance notin ƙasan kofin kafireto da sifana 10, ka zubar da abin da ke ciki, ka ciro jet ɗin da sukundireba mai faɗi ka wanke da fetur, ka zira siririn gashin waya guda ɗaya a ramin. Banda allurar ɗinki dan Allah, nasan ita ce a hannunka, faɗaɗa ramin take yi inji ya dinga shan mai yana baƙin hayaƙi. Lallaɓa robar kofin kar ta yage. Tsohon man tankin kuma juye shi gaba ɗaya. Ka buɗe soson iska ma ka wanke da sabulu ya bushe, ƙurar Kano ba ta barin komai.

Ɗan Fagge a Kanada:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Nan muna da injin kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida, cikinsa kusan ɗaya da na janareto, yana yin wata bakwai ko takwas a ajiye, duk wanda ya bar mai a ciki ranar da ƙanƙara ta fara zuba zai sha jan igiya. Ni in zan ajiye nawa rufe famfon nake in bar shi yana aiki har ya shanye na kafireto ya mutu da kansa.

Maman Sadik:
Dan girman Allah in ya tashi kar ka kunna shi a cikin shago ko soro saboda tsoron ɓarayi, hayaƙin nan baya wari sosai yake kwantar da mutum. A waje, a sa masa sarƙa.

Tela_Gwammaja:
Alhamdu lillahi! Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Tartsatsi na nan, na ɗiga man ya tashi ya mutu yadda ka ce, da na buɗe kofin wani abu ne ja-ja kamar tsatsa har da ɗigon ruwa. Na wanke na zuba sabon mai ja biyu ya kama. Sai dai in na buɗe cok gaba ɗaya yana hawa yana sauka sai na bar shi rabi, Baba ko akwai wani ramin da ban wanke ba?

Baba Makaniki:
Akwai, ƙaramin jet ne baƙi na roba a saman kafireton ƙarƙashin sukurin silo (wanda ake saita ƙaramin gudun inji da shi), ɗago jet ɗin a hankali ka wanke shi ma. In ya ƙi ka sayi sabon kafireto a Sabon Gari, ka tafi da tsohon a gwada.