Karatun jinya ta waya ya gagare ni, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya. Tun farkon zangon nan malamai uku suka mayar da darussansu Zoom da WhatsApp. A gidan yayata nake zaune, ga yara huɗu, wuta sai tsakar dare, wayar ma aro ta ba ni bayan tawa ta faɗa ruwa. Saura sati uku a tura mu asibiti, ban iya auna hawan jini ba, lissafin ƙarin ruwa kuma ya ƙi zama. Ga takarda an turo wai mu faɗi ko mun gamsu, ina tsoron a gane ni.

Tsohuwar nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lissafi ana koyonsa a waya, hannu kuwa sai a jikin mutum. Ruwa 500ml cikin awa 4, da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowane ml: 500 sau 20, raba da minti 240, ɗigo 42 ke nan a minti. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne raba da awa maimakon minti. Duba jikin ledar robar, ta yara ɗigo 60 ce a kowane ml.

Ɗan aji uku: Ki rubuta ba ki gamsu ba. Kuɗin makaranta cikakke ake karɓa, ɗakin gwaji a kulle, data kuma daga aljihun ɗalibi. Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, kafin a sake haɗuwa rabin aji sun watse.

Tsohuwar nas: Takarda ba za ta koya mata komai ba, ɗana. Ki ari na'urar auna hawan jini ki gwada a kan yayarki. Ɗaura maɗaurin kamar yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, ki hura har bugun wuyan hannu ya ɓace, ki ƙara 30 a lambobin ma'aunin, sannan ki sassauta a hankali, 2 zuwa 3 a daƙiƙa. In kika saki iska da sauri, sautin bugun farko da ake ji da abin sauraren likita (stethoscope) zai wuce ki. A jarrabawar OSCE, wato ta gwajin aiki da hannu, a gaban mai dubawa za ki yi shi.

Wata ungozoma: Ni a ganina darasin waya ya fi, don ana maimaitawa. Kashe bidiyo ki bar murya, ki roƙi malami ya tura darasin a Telegram, ki sauke da dare.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma na'urar gidanmu mai batir ce, kuma malamin ba ya naɗar darasi. Ba lalaci ba ne wallahi, ina ƙoƙari.

Tsohuwar nas: Mai batir ba ta horar da kunne. Je asibitin unguwa ranar awo ki roƙi sista.

Mai tambaya: Ranar awo muna da darasi ƙarfe tara. Takardar fa, in cika ko in bari?