Digirin falsafa daga nesa, ga aiki ga iyali a Legas: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bibiyar hirarrakin da ake yi a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai ga ni da tawa.

Shekarata 39. A Agege aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin shanu ne ya kawo shi daga Katsina, kuma har ya bar duniya yana hada-hadarsa a mayankar Oko-Oba. Ni difloma na yi a fannin akanta, yau shekara 12 ina aikin akawu a wani kamfanin dakon kaya a Apapa. Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu. Da an sallame asuba nake fita. In hanya ta yi sauƙi nakan samu isha'i a unguwa, ranar da tankoki suka toshe hanyar Apapa kuwa sai dai in tarar yara sun yi barci.

So nake in yi digiri a falsafa ta hanyar karatu daga nesa, kuma ga abin da ya jawo. Shekara uku da suka wuce wani direbanmu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Ibadan. Da na zo rufe lissafinsa sai na ga alawus ɗin tafiya biyu da ba a biya shi ba, kuma babu wanda ya san da kuɗin nan daga ni sai littafin. Na haɗa takardu, aka kai wa matarsa a Ijora. Kwana biyu bayan haka muna cin abinci da wani abokin aikina, mutum ne mai kirki amma ba ya bin kowane addini, sai ya ce da ni: "Da a ce babu hisabi, da ka kai kuɗin nan?" Na ce da na kai. Ya ce saboda me? Wallahi na san amsar tana cikin ƙirjina, amma na kasa jera ta. Shi ya ba ni labarin da Aflatun, masanin falsafar Girka na dā, ya kawo, na makiyayin da ya tsinci zobe, in ya juya shi babu mai ganinsa, ya tambaye ni ko mutum zai riƙe amana da irin zoben nan a yatsarsa.

Tun ranar nake sauraron laccoci a YouTube cikin danfo. Ina jin daɗinsu, amma kamar ɗibar ruwa da kwando ne: yau Sukurat, gobe Kant, jibi na manta na shekaranjiya. Tsari nake nema, da wanda zai duba rubutuna ya ce a nan ka kauce.

Tambayata ga waɗanda suka bi hanyar: mai aiki irin nawa zai iya? NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, ko Jami'ar Landan? Sai kuma wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da na faɗa wa yayana, shiru ya yi, can ya ce wanda ya shiga falsafa da imaninsa ba ya fitowa da shi cikakke. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, maganarsa ba abin wasa ba ce a wurina.

Maman Hanif:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni nas ce, a Idi-Araba nake zaune, kuma ina aji uku a falsafa a NOUN, don haka da ido zan ba ka labari.

Ta Landan tukuna, don mu wuce wurin. Tsohuwar hanya ce mai daraja, tun 1858 suke bai wa na nesa digiri, Mandela ma ya yi karatun lauya da su yana kurkuku. Amma da fam ake biya, kai kuma naira kake karɓa, ga bakuna biyar a gida. NOUN tamu ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. A nan Victoria Island hedikwatarta take kafin ta koma Jabi a Abuja, kuma tana da cibiyoyin karatu a Legas. Littattafan kwas suna shafinsu na intanet, kana iya saukewa kyauta tun kafin ka biya ko sisi. Ka fara da wannan a daren yau. Aikin gida, wanda suke kira TMA, maki 30 ne, jarrabawa 70. Aji ɗaya da na biyu a kwamfuta ake jarrabawa, daga aji uku kuma biro da takarda ne.

A wannan gaɓar mutane suke zubewa. Shekara biyu kana zaɓen amsa cikin huɗu, rana ɗaya a miƙo maka farar takarda a ce kare ra'ayinka a kan ko mutum yana da zaɓi a ayyukansa. Zangona na farko a aji uku na ɗauki kwasa-kwasai da yawa, ga dutin dare, na faɗi biyu. Na yi kuka sosai. Tun daga nan na rage kaya, kuma duk mako nake rubuta shafi ɗaya da hannuna ko ba wanda ya sa ni.

Batun lokaci, kai bayan asuba ba naka ba ne, to hanya ce ajinka. Tunda jirgin ƙasa na Red Line ya fara jigila a Oktoban 2024, daga Agege zuwa Oyingbo kana da wurin da babu birki babu ihun kwandasta. Kada ka dogara da waya, saƙonni za su cinye lokacin, ga caji in an ɗauke wuta. Ni shafi goma nake bugawa a shagon kwamfuta, in ninke in sa a jaka kusa da abin awon jini. Goma kawai, amma sau biyu nake karanta su, na biyun da biro.

Manɗiƙi kuwa, wato ilimin tsara hujja, ba a karanta shi a tsaye, kamar lissafi yake, kuma kai akawu zai zo maka da sauƙi. Ga misalin da na riƙe darasin farko da shi. In motar tumatir ta lalace a hanyar Jebba, tumatir zai yi tsada a Mile 12. Yau tumatir ya yi tsada. Shin mota ta lalace ke nan? A'a, ƙila damina ce, ƙila kuɗin mai. Rabin gardamar da ake yi a majalisa irin wannan tsallen ne, kuma da ka gane shi sau ɗaya za ka riƙa jin sa ko'ina, har a bakinka.

Abu biyu da babu wanda ya gaya mini. Na ɗaya, Turancin littattafan nan yana iya ruɗar mutum ya ɗauka ya gane. Ni awona shi ne in zaunar da maigidana in faɗa masa da Hausa. In na kasa, ban gane ba, sai in koma. Na biyu, kaɗaici. Falsafa tana buƙatar abokin gardama kamar yadda dambe yake buƙatar abokin karawa, karatu daga nesa kuma ba zai ba ka shi a faranti ba. Mu biyar muka haɗu a WhatsApp: ni, wani ɗan sanda, wata malamar firamare daga Mushin, da samari biyu. Lahadin ƙarshen wata muke zama, kowa ya karanto shafinsa, sauran su yi masa kaca-kaca cikin mutunci. Abokin aikin nan naka kada ka sake shi.

Shekaru kuma kada su dame ka. Sophie Oluwole, mace ta farko da ta yi digirin digirgir a falsafa a Najeriya, a 1984 ta samu a Ibadan tana dab da shekara 50, ta koyar a Jami'ar Legas, ta shahara da kwatanta Sukurat da Orunmila na Yarabawa. Tunda na karanta ta nake tambayar kaina yaushe za mu zauna mu yi wa kalmominmu irin wannan aikin: kirki, mutunci, kunya, amana.

Alhaji Mai Albasa:

Ƙanina, ni ban yi boko mai zurfi ba, shekara 31 ina Mile 12, amma na ga jiya na ga yau. Ba na raina ilimi. Tsorona taura biyu ba ta taunuwa. Kana da difloma a akanta, ga jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci a gabanka, wadda in ka ci ta albashinka zai motsa, yaran nan huɗu su amfana. Kuɗin haya a Agege ba tsayawa yake ba, kuɗin makaranta ma haka. Shekara huɗu ko biyar da za ka zuba a falsafa, wane kamfani ne a Apapa zai ƙara maka naira ɗaya saboda ita? Sannan daren da za ka ba littafi, daga rabon matarka da 'ya'yanka za ka yanko shi. Ka zauna da ita tukuna, ka gaya mata gaskiyar awa nawa ne a mako. In ta yarda da zuciya ɗaya, Allah Ya sa albarka. Amanar da ka riƙe ta direban nan kuwa, Allah Ya saka maka, ka haifu ɗan halas.

Malam Na-Obalende:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Na ga Hajiya ta yi maka bayanin hanya, Alhaji ya tuna maka haƙƙin gida. Ni maganar yayanka zan taɓa, don tsoronsa yana da asali, kada ka ɗauke shi jahilci.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa malaman falsafa irin su Farabi da Ibnu Sina raddi a kan mas'aloli 20. A uku daga ciki ya tsananta har ya kafirta: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ba Ya sanin abubuwa ɗaiɗai sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Daga nan tsoron ya samo tushe. Amma ka lura da yadda ya yi. Sai da ya zauna ya karanci maganarsu har ya iya faɗinta kamar ɗayansu, sannan ya warware ta da hujja. Manɗiƙi kuwa bai yar da shi ba, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu da shi. Bayansa Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba kuma babban malamin Malikiyya, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani. Ka ga gardamar a cikin gida aka yi ta, tsakanin masu sallah.

In ka isa kan Dekart, masanin falsafar Faransa, da shakkarsa a kan abin da ido yake gani, ka sani Gazali ya riga shi da fiye da shekara 500. Shi ya kawo misalin inuwa, da kake ganinta tsaye cak alhali tafiya take, da tauraro da ido yake nuna maka kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma.

Kuma abin bai tsaya a Bagadaza da Andalus ba. Ka tuna Ahalari da ka karanta a Islamiyya, na tsarki da sallah? Mai shi, Abdurrahman Al-Akhdari, shi ne ya yi Sullam, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu. A ciki ya kawo saɓanin da kansa: Ibnu Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, sannan ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna. A ƙasar Sakkwato ma akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Nana Khadija, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864. Ya karanci falsafa, ya yi rubutu a kanta.

Sharaɗin da Al-Akhdari ya gindaya shi nake ba ka. Na ga yaran da karatun nan ya girgiza, kuma duk waɗanda na gani abu ɗaya ne ya haɗa su: sun tsaya da tauhidinsu na shekara 12, suka kai shi gaban shubuhar manya, ga shi ba su da wanda za su gaya wa. Kada ka bar karatun addininka a baya. Duk ranar da wata tambaya ta hana ka barci, kada ka ɓoye ta don kunya, ka kai ta wurin malamin da ba zai kore ka ba. Yayanka kuma kada ka yi jayayya da shi. Ka je gidansa da goro, ka karanta masa wannan, ka nemi albarkarsa.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Alhaji, maganarka ce ta fi zauna mini, don haka jiya da dare bayan yara sun kwanta na zaunar da uwargida. Ta ce ta yarda da dare uku a mako, amma Juma'a da Lahadi na gida ne, kuma kuɗin rajista kada ya taɓa na makarantar yara. Na amince. Batun ICAN ban rufe shi ba, sai dai na san wadda ta hana ni barci shekara uku.

Hajiya, na sauke littafin gabatarwa, na buga shafi goma a wani shago kusa da tashar jirgi. Yau da safe kafin Oyingbo na karanta bakwai, na ja layi a wuri huɗu da ban gane ba. In da hali a ƙungiyarku ta Lahadin ƙarshen wata, zan roƙi uwargida ta ara mini wannan Lahadin guda.

Malam, jibi Asabar zan je wurin Yaya. Amma ina da roƙo: ko za ka karantar da ni Sullam, ko da baiti biyar ne a mako?

Malam Na-Obalende:

Bismillah. Asabar ta sama, bayan la'asar, in ka dawo daga wurin yayanka da yardarsa. Ka turo mini saƙo ta akwatin sirri in kwatanta maka masallacin. Ka zo da littafin rubutu, ka kuma zo da wurare huɗun nan da ka ja wa layi, mu fara da su.